Hoton ma'aikaci a allon talla da sitatus ɗin dole: wai haka doka ta ce?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sani ina neman shawara kuma ba na so a mayar da abin wasa. Ƙanwata tana koyarwa a wata makarantar kuɗi nan cikin Kano, ba zan kama suna ba. Ranar bikin yaye ɗalibai aka kawo mai hoto ya yi ta ɗauka, ita duk a zatonta na tarihi ne za a ajiye a ofis, kawai sai ga fuskarta an buga a ƙaton allo bakin titi an rubuta ana ɗaukar sababbin ɗalibai, an kuma sa a Facebook ɗin makarantar da Instagram har kuɗin talla suka biya hoton yana ta yawo. Ba wanda ya tambaye ta. Yarinyar nan an sa mata rana, dangin miji sun gani, wata gwaggonsa har ta kira mamanmu wai ashe amaryar tasu 'yar talla ce. Ta je ta sami mai makarantar ya ce ai tunda yana biyanta albashi hoton na makaranta ne. Na biyu kuma an kafa musu doka a guruf ɗin malamai, kowa dole ya sa fostar a sitatus ɗinsa na WhatsApp kullum da safe, ya cire hotonsa ya sa tambarin makaranta har a gama ɗaukar ɗalibai, wanda bai yi ba za a zaftare masa wani abu a albashi. Wai dan Allah haka doka ta ce?

Ɗan Gayu: Hhh Anti ai godiya ya kamata ku yi, wasu kuɗi suke biya a sa su a allo, ita ta samu kyauta ta zama tauraruwa

Admin: Ɗan Gayu ta ce ba wasa ba. Ka kiyaye dan Allah.

Ɗan Gayu: Tuba nake ranka ya daɗe

Alhajin Kwari: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai zan faɗi tawa ko za a ji haushina. Ina da yara a shago, kuma yanzu kasuwa ta koma waya, in ba ka ɗaga atamfa da shadda ka nuna a TikTok ba wlh sai ka wuni kana kallon titi. Yaran nan su nake sawa su baje kaya ana ɗauka, kuma kowa yana sawa a sitatus ɗinsa, daga nan ake samun kwastoma daga Gombe daga Yamai daga ko'ina. To in kasuwar ta mutu albashin daga ina zai fito? Mai makarantar nan shi ma ɗalibai yake nema don ya biya malaman. Ban ce ya kyauta da bai tambaye ta ba, amma maganar sitatus ni ban ga laifi ba, me zai rage ka da shi? datar naira nawa ce?

Maman Ilham: Alhaji ba maganar data ba ce. Wayarta ce, lambarta ce, surukanta da ƙawayenta ne a ciki. Kuma ita ba ma ta sa hotonta a ko'ina, ko a WhatsApp fure ne a kai tun da na san ta.

Baristan Zariya: Salam. Hajiya bari in raba miki maganar gida biyu don ba ɗaya ba ce, kuma ki yi haƙuri zan ɗan yi tsawo.

Maganar hoto tukuna. Akwai dokar kare bayanan mutane ta Najeriya wadda shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni 2023, kafin ita akwai ƙa'idojin da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar a 2019. A wannan dokar duk abin da za a iya gane mutum da shi bayaninsa ne, suna, lambar waya, hoto, murya, duka. Makarantar da ta ɗauki hoton malama ta ajiye ta buga ta yaɗa, sarrafa bayaninta take yi, kuma dole ta nuna hujjar da ta dogara da ita. Yardar mutum ɗaya ce daga cikin hujjojin amma ba ita kaɗai ba ce, kar in yaudare ki. Misali hoton katin shaida na ma'aikata ko na cikin fayil, wannan ba sai an roƙe ki ba, aikin ne ya buƙata. Amma a ɗauki fuskar mutum a yi talla da ita a titi a biya Facebook ya yaɗa, wannan ba ya cikin koyarwa, an ɗauke ta ne ta shiga aji ba ta tsaya a allo ba. Nan sai da yardarta, sai dai in akwai wani wuri a takardar ɗaukar aiki da ta sa hannu a kai. Kuma dokar ta faɗa ƙarara shiru ba yarda ba ne, sannan wanda ya yi amfani da bayanin shi zai kawo shaidar an yarda, ba ita za ta kawo shaidar ba ta yarda ba. Ko da ma ta yarda a da tana da ikon janyewa, tana da ikon ta ce a goge.

Ƙari a kan haka sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, gidansa, wasiƙunsa da maganganunsa na waya.

Shi kuma da ya ce hoton na makaranta ne, mai yiwuwa gaskiya ne su suka biya mai hoto, hoton nasu ne su ajiye. Amma mallakar hoto daban, ikon yin talla da fuskar wanda ke ciki daban.

Sai sitatus. Wannan ma ya fi sauƙi a wurina. Layinta ne da sunanta, wayarta ce da kuɗinta. Zai iya roƙo, zai iya cewa wanda ya sa zan ba shi ɗan wani abu, amma ya ce dole har da yankan albashi, ban ga inda zai tsaya da wannan a gaban kotun ma'aikata ba, kuma kotun tana da reshe a nan Kano.

Alhajin Kwari: Barista ai ku komai kotu. Wa zai kai mai gidansa kotu a kan sitatus?

Kwamared: Yawwa Alhaji, nan ne ni da kai muka haɗu duk da ba don Allah ka faɗa ba hhh. Barista duk abin da ka faɗa daidai ne a takarda. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, malamar makarantar kuɗi da yawansu ko takardar ɗaukar aiki ba su da ita, da baki aka ce ki fara zuwa ranar Litinin, albashin ma bai kai mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024 ba, kuma akwai masu digiri jere a waje suna jiran ta motsa. Ranar da ta ce doka ta ce, washegari za a ce mata an rage malamai saboda ba ɗalibai. Ba wanda zai rubuta cewa saboda hoto aka sallame ta. To wannan yardar da ake magana, mutumin da ke tsoron rasa abincinsa in ya ce na yarda, yarda ce? Ni a wurina matsalar kenan gaba ɗaya. In oga ya miƙo maka takarda ya ce sa hannu ga biro, wa ya isa ya ce bari in je gida in yi tunani.

Baristan Zariya: Kwamared ba mu saɓa ba. Dokar ma cewa ta yi yardar ta zama ta son rai, shi ya sa yardar da aka karɓa da barazanar albashi ba ta da ƙarfi. Amma na yarda da kai mutum ya auna ƙarfinsa kafin ya ja daga. Shi ya sa ban ce ta tafi kotu gobe ba.

Hajiya ta Abuja: Sannunku. Ni aikina kenan, ina ofishin kula da ma'aikata a wani kamfani, bari in gaya muku yadda masu tsari suke yi don Alhaji ya ga ba wani abu ne mai wuya ba. Muna da fom guda daban, ba a cusa shi cikin kwantiragi, shafi ɗaya ne tak. An rubuta: na yarda a sa hotona a cikin gida kawai, akwati. Na yarda a sa a shafin kamfani na intanet, akwati. Na yarda a sa a talla, akwati. Mutum ya zaɓi wanda yake so ya bar wanda ba ya so, kuma ba a tambayarsa dalili. Ranar taro mai hoto yana da sunayen waɗanda suka ce a'a, mukan ce su zauna gefe ɗaya. Wlh ba ya ɗaukar minti biyar. Kuma abin mamaki yawanci mutane yarda suke yi, matasa ma rububi suke a sa su, waɗanda ke ƙi 'yan kaɗan ne kuma kowa da dalilinsa, wata mijinta ne ba ya so, wani ya taɓa samun barazana, wata kawai ba ta so kuma wannan ma ya isa dalili. To me zai sa ka bar masu so goma ka je ka ɗauko wadda ba ta so? Rashin tambaya ne kawai da raina mutane.

Inda muke samun rigima shi ne in mutum ya bar aiki. Ka tafi shekara da shekaru fuskarka tana nan a shafin kamfani kana murmushi kamar har yanzu kana ciki, wani ma korarsa aka yi. Na intanet muna cirewa in an nema, amma kalanda da ƙasidun da aka riga aka buga aka raba ba yadda za a yi, sai dai ba za a sake bugawa ba.

Maman Ilham: Hajiya Allah ya saka. To a ganinki me za ta yi yanzu? Ita fa kuka kawai take, ta ce za ta ajiye aikin.

Hajiya ta Abuja: Kar ta ajiye cikin fushi 'yar uwa. Ta rubuta takarda gajera cikin ladabi, ba zagi ba barazana, ta ce ba a nemi izininta ba, ba ta yarda a yi talla da hotonta ba, tana roƙon a sauke na Facebook da Instagram a tsayar da tallan, a kuma sauya na allo. Ta sa kwanan wata, ta yi kwafi biyu a buga mata hatimi a ɗaya, in sun ƙi karɓa ta tura ta WhatsApp ko imel ta ajiye. Ta ɗauki hoton allon da sikirinshot ɗin tallan da saƙon nan na guruf da aka ce za a yanki albashi tun kafin a goge. Sau da yawa da mai gida ya ga abu a rubuce jikinsa yake sanyi. Kuma in da hali wani babba ya raka ta, babanku ko yayanku, mutanenmu sun fi jin kunyar ido.

Baristan Zariya: Daidai. In an yi haka bai ji ba sai ta kai ƙorafi hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, hedikwatarta na Abuja kuma ana iya tura musu a rubuce. Tarar da doka ta tanada ba wasa ba ce, ga ƙananan wurare tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa, ga manya miliyan 10 ko kashi 2 ɗin. Kuɗin sake buga allo bai kai nan ba, in ya yi lissafi.

Malam na Gwammaja: Assalamu alaikum. Ni ba lauya ba ne amma abin nan tun kafin dokar Bature muna da shi. Wanda ka ɗauka aiki lokacinsa da aikin da kuka yi yarjejeniya ka saya, ba mutuncinsa ba. Kun yi da ita za ta koyar daga ƙarfe kaza zuwa kaza, shi ke nan abin da ke tsakaninku. In kana son ƙari sai sabon ciniki. Kuma a yanki haƙƙin ma'aikaci a kan abin da ba a yi sharaɗinsa ba tun farko, wannan cin haƙƙi ne ko da naira ɗari ce. Alhaji ka yi haƙuri ba da kai nake ba, amma ka tambayi yaranka ɗaya bayan ɗaya a keɓe, za ka iya samun wanda ba ya so yana jin nauyinka ne kawai.

Wani abu kuma da ba a taɓo ba, shugabannin da ke bin shafukan ma'aikatansu suna leƙe, wa ta yi wa layik, ina ya je ranar Asabar, me matarsa ta rubuta. A Suratul Hujurat aya ta 12 an hana bin diddigin sirrin mutane, kuma ba a ce ban da ma'aikatanka ba.

Alhajin Kwari: Malam na ji kuma na gode, zan tambaye su. Amma maganar leƙe tsaya. Abin da mutum ya baza a Facebook duniya na gani, in na gani na yi leƙe? Akwai yaron da ya ce min ba shi da lafiya ba zai fito ba, da yamma sai ga shi a sitatus ɗin abokinsa yana tiƙar rawa a wurin kamu. In rufe ido kenan?

Ɗan Gayu: Alhaji wataƙila rawar ce maganin

Hajiya ta Abuja: Hhh. A nan kam Alhaji yana da gaskiya, kuma gara matasa su ji. Abin da ka sa a fili ba sirri ba ne. Ba zan ɓoye muku ba masu ɗaukar aiki da yawa suna duba sunan mutum a Facebook da X (tsohon Twitter) kafin su kira shi, in suka tarar da zage-zage da ashar shi ke nan ba za ka taɓa sanin dalilin da ya sa ba a kira ka ba. Kuma in kana aiki ka hau shafinka ka zagi kwastoma, ko ka ɗauki takardar ofis ka watsa, ko ka yi bidiyo sanye da rigar kamfani kana abin kunya, kar ka ce shafina ne, za a iya hukunta ka. Ma'aikatan gwamnati ma nasu ya fi tsanani, akwai dokar sirrin gwamnati tun 1962. Inda aka wuce gona da iri shi ne a ce kawo fasuwod ɗinka, ko buɗe wayarka in gani, ko dole ka karɓe ni a matsayin aboki, ko a sa wani abokin aikinka ya riƙa ɗauko sikirinshot ɗin abin da ka rufe yana kai wa oga. Wannan na ƙarshen shi ya fi yawa a wurinmu kuma shi ya fi ƙona min rai, don kullum na kusa da kai ne.

Na Hamburg: Gaisuwa daga nan Jamus. Maganar Malam ta tuna min abin da ya faru a nan. A 2020 hukumar kare bayanai ta Hamburg ta ci kamfanin tufafi na H&M tarar yuro miliyan 35 da 'yan kai. Me suka yi? A wata cibiyarsu da ke Nuremberg in ma'aikaci ya dawo daga hutu ko jinya sai shugabansa ya zauna da shi kamar hira, ya jiki, ya iyali, ina aka je, ashe duk ana rubutawa ana ajiyewa a kwamfuta, ciwon mutum, rigimar gidansa, har addininsa, manajoji da dama suna iya karantawa. Asiri ya tonu ne a 2019 da aka samu kuskure fayilolin suka buɗe wa kowa a kamfanin na 'yan sa'o'i. Ka ga ko shafin sada zumunta ba su shiga ba, hira ce kawai. A nan wurin aikinmu ko hoton walimar ƙarshen shekara za a ɗauka sai an sanar, wanda ba ya so ya koma gefe ba mai kallonsa.

Baristan Zariya: Akwai ma shari'ar wani injiniya ɗan Romaniya da aka kora a 2007 don ya yi hira da ɗan uwansa da budurwarsa ta Yahoo Messenger ɗin da ya buɗe saboda aiki, kamfanin ya karanta saƙonnin ya buga su. Sai a 2017 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce an tauye masa haƙƙi, babban dalili ba a sanar da shi tun farko irin sa idon da za a yi masa ba har a karanta abin da ya rubuta. Ku lura akawun ɗin aiki ne fa, ba nasa na kansa ba. A Amurka kuma jihar Maryland ce ta fara hana masu ɗaukar aiki neman fasuwod ɗin mutum a 2012, wasu jihohin suka biyo baya.

Kwamared: Injiniyan nan shekara goma kenan ya yi yana shari'a. Malamarmu ta Kano tana da shekara goma da kuɗin lauya? Shi ya sa nake cewa a bar maganar mutum ɗaya. Malamai nawa ne a guruf ɗin nan? Na tabbata rabinsu haushin sitatus ɗin suke ji suna yi ne kawai. In mutum takwas suka sa hannu a takarda ɗaya suka ce za mu sa fosta da son ranmu amma a janye maganar yankan albashi, ba zai kori takwas ana tsakiyar zango ba. Ita kaɗai kuwa cinye ta zai yi.

Ɗan Maraɗi: Mu ma nan Nijar akwai doka tun 2017, da hukuma mai suna HAPDP da ke kula da bayanan mutane, amma ka tambayi mutum goma a kasuwar Maraɗi ko sun san da ita. Abin da nake gani nan ya fi yawa ƙungiyoyin agaji ne, ma'aikaci na rabon kaya a ƙauye a ɗauke shi a ɗauki matan da ke karɓa a watsa duniya, kuma wasu wuraren ba tsaro, a gane fuskarka a san kana aiki da Turawa ba ƙaramin haɗari ba ne. Wani hoton ba kunya kawai yake jawowa ba.

Anti Nas: Ni kuma bari in juyo da abin kanmu mu ma'aikata, don kar a ce shugabanni ne kawai masu laifi. A asibitin da nake yaran nan sababbin zuwa kowa da wayarsa, ana aikin dare an kafa waya a kan teburin magani ana TikTok, bayanta ga mara lafiya kwance ga fayil a buɗe sunan mutum ɓaro-ɓaro ana gani. Ni kaina an sha ɗaukata ban sani ba, ina cin abinci a ɗakin hutu ɗankwali ya zame, sai 'yata ce ta nuno min a waya wai Mama ga ki. Da na yi magana sai yarinyar da ta ɗauke ni ta ce ai Anti shafina ne. Shafinki ne amma fuskata ce! To wannan wa zan kai ƙara, ita ko asibitin? Kuma malaman makaranta ma ku ji, ku ma kuna ɗaukar 'ya'yan mutane a aji kuna sawa a sitatus, yaro ya yi kuskuren karatu a yi ta dariya ana turawa, an tambayi iyayensa?

Baristan Zariya: Anti kin taɓo babba. Na yara doka ta ce sai da yardar iyaye ko mai kula da su, kuma bayanin lafiyar mutum yana cikin waɗanda aka fi tsananta wa, tare da addini da irin su zanen yatsa. Allon makarantar nan ma in akwai ɗalibai a ciki ina shakkar an tambayi iyayensu. Na abokiyar aikinki kuma fara da shugabar sashenku a rubuce, asibiti ne ya kamata ya hana ɗaukar bidiyo a inda marasa lafiya suke, in ya sani ya yi shiru shi ma da nasa. Sannan ki kai rahoton bidiyon a TikTok ɗin kansa, suna da wurin ƙorafin an sa mutum ba da izininsa ba.

Ɗan Gayu: Yanzu da gaske nake Admin. Mutane ba su san wayarsu ba ne. Sitatus na WhatsApp kana iya zaɓar wanda zai gani da wanda ba zai gani ba, ka cire oga da 'yan kai rahoto ka huta. Ko kuma ka juya, ka sa fostar ka zaɓi oga shi kaɗai ya gani, shi ya ga ka sa, surukai ba su ga komai ba, kowa ya kwana lafiya. A Facebook kuma ka kunna inda sai ka amince kafin tagin ɗin wani ya hau shafinka. Amma hoton furofayil ɗin Facebook da na bango kowa na gani ko ba abokinka ba, wannan a sani.

Kwamared: Dabara ce amma ka ga an koma ɓuya kenan a cikin wayarka da ka saya da kuɗinka.

Malam na Gwammaja: Kuma akwai ƙanshin yaudara a ciki Ɗan Gayu, gara a faɗa masa gaskiya ba za a sa ba.

Ɗan Gayu: Malam gaskiyar ce za ta biya kuɗin haya?

Mai POS: Dan Allah kafin a watse ni ma ga tawa, ta ɗan yi kama. Ina yi wa wani mutum aiki a shagon waya da POS, tun farko ya ce in buɗe WhatsApp na kasuwanci da layina tunda ni ke zama, aka buga lambar a allon shago da leda da komai. Yanzu kwastomomi duk ni suka sani, har sha biyun dare ana kirana kuɗi bai shiga ba. Ina so in bar wurin in buɗe nawa, ya ce sai dai in bar masa sim ɗin don kwastomominsa ne. Layin nan da NIN ɗina aka yi rajista, shi ne a bankina, shi 'yan uwana suka sani tun ina sakandare.

Baristan Zariya: Kar ka ba shi sim. Layin da ke haɗe da NIN ɗinka da bankinka duk abin da aka aikata da shi kai za a nema, kuma duk wanda ke riƙe da shi yana iya karɓar lambobin sirrin da banki ke turowa. Amma shi ma yana da magana a kan kwastomomin, a shagonsa ka same su. Ya sayi sabon layi da sunansa, ku tura sanarwa ga kowa cewa lambar shago ta koma kaza, ka ba shi lambobin masu hulɗa da shagon da lissafin bashi, ka cire sunan shagonsa da hotunan kayansa daga naka. Ku yi a gaban shaida.

Alhajin Kwari: To Barista in ya tura sanarwar, gobe kuma ya sa a sitatus ga sabon shagona ku zo, duk mutanen nan suna da lambarsa suna gani, ai ya kwashe su kenan. Wannan kuma wace doka ce ta hana?

Baristan Zariya: In ba su rubuta wani sharaɗi a kan haka tun farko ba, da wuya a hana shi Alhaji. Shi ya sa layin shago ake saya da sunan mai shago tun ranar farko.

Alhajin Kwari: Bari in je in duba lambar wa aka buga a ledojina.